Ƙafar da Aka Liƙa wa Gwadabe Mai Rijiya

An ɗauki fuskar Gwadabe Mai Rijiya an liƙa mata ƙafar wani, aka yi yawo da ita kasuwa-kasuwa tun daga Karaye har Rogo, aka kashe masa sana'ar da ya gada kaka da kakanni. Waɗanda suka yi wannan aiki ma'aikatan wata hukumar wayar da kan jama'a ce da aka turo daga birni a zamanin soja, can ƙarshen shekarun 1980. Har yau ba wanda ya tako Yammedi ya ce masa yi haƙuri.

A Yammedi aka haifi Gwadabe, a gidan masu haƙar rijiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana, in ma zai yi sai ya ɗan ɗaga kai sama, kamar wanda ya saba magana daga ƙasan rami. Da damina manomi ne kamar kowa, yana da dawarsa da 'yar gyaɗarsa. Amma da zarar an kai amfani gida sai ya ɗaure dagi da igiya da guga a bayan keke ya shiga ƙauyuka, ba a sake ganinsa sosai sai ruwa ya kusa sauka. Ba waliyyi ba ne. Ya taɓa haƙa rami ya ci karo da dutse ya bar shi, kuma akwai rijiyar da ya yi ta fito da zartsi, masu ita suka daɗe suna gunaguni. Amma a duk faɗin ƙasar nan, in aka ce Gwadabe ne ya haƙa, mutum yana sha hankalinsa kwance.

Dalilin wannan yarda wata al'ada ce ta gidansu. Ranar da idon ruwa ya ɓalle a sabuwar rijiya, ruwan farko jajir yake fitowa, rabinsa laka. Mahaƙi zai ɗebi kaɗan a ƙoƙo, ya yi bisimilla, ya kurɓa sau ɗaya a gaban mai rijiya, ya ce, "In da cuta a cikinsa, ta fara da ni." Daga nan sai a yi ta yasa ana zubarwa, a rufe bakin rijiyar, ba mai ɗiga wannan ruwa a bakinsa sai ya kwanta ya yi garau. Kurɓin nan shi ne rantsuwar mahaƙi. Haka ubansa ya yi, haka Gwadabe ya tashi yana yi, bai taɓa tunanin akwai wanda zai ga abin kunya a cikinsa ba.

Wani rani yana tsakiyar aikin wata rijiya a gefen gari sai dagaci ya aiko a kira shi. Ya tarar da mota a ƙofar gida da samari 'yan birni, da shugabansu wani mai suna Muntaka, dogo mai baƙin tabarau da zaƙin baki. Dagaci ya ce baƙin gwamnati ne, fim za su ɗauka na yadda mutanen karkara suke samun ruwa, ya ba shi amanarsu.

"Ranka ya daɗe, an gama," in ji Gwadabe.

Ranar da ake sa ran ido zai ɓalle, matarsa Saude ta fito masa da rigar sallarsa da hular da ta sha guga. Saude mace ce mai baki, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, kuma ta wuce shekarun da za a hana ta zuwa kasuwa. Tana kakkaɓe masa kafaɗa tana cewa, "Malam, in za a nuna wa duniya kai, to a nuna ka kamar mai mata. Kada a ce na bar ka kamar wanda aka tono."

Da ya isa bakin rijiya Muntaka ya dube shi ya yi dariya. "Haba Baba, ai mu aiki muke so a gani. Sa kayanka na kullum, su ne adonka."

Ya tuɓe rigar ya ninke ta a kan keke, ya sa gajeren wandonsa da yagaggiyar 'yar shara ya sauka. Wajen azahar ruwa ya ɓalle. Ya fito da ƙoƙonsa, laka har gira, ya yi bisimilla ya kurɓa. Muntaka ya tafa hannu ya ce a sake, wai rana ta haske na'urar ɗaukar hoto. Kurɓi ɗaya ake yi, ba a maimaita rantsuwa. Amma baƙon dagaci ne, kuma yaro ne da ya kira shi Baba, sai Gwadabe ya yi masa kara ya sake. Aka ce ya cika ƙoƙon. Aka ce ya ɗaga shi sosai har ruwan ya zubo ta gemu. Aka ce ya yi murmushi ya lashe baki. Duk ya yi. Da aka gama, Muntaka ya miƙa masa abin magana, ya tsaya ya yi bayani a natse, ya faɗi ma'anar kurɓin, ya faɗi cewa ba mai shan ruwan nan sai ya tsaya, har ya gargaɗi jama'a da su guji ruwan kududdufi domin shi ke kawo kurkunu. Rabon da ya yi doguwar magana haka an daɗe. Saude ta yanka musu zakara, suka ci suka suɗe hannu, suka yi godiya suka tafi.

Bayan watanni aka yi shela cewa motar majigi za ta haska fim ɗin a Karaye ranar kasuwa, bayan magariba, a filin firamare. Gwadabe bai bar kowa ba sai da ya gayyata, har taubashinsa Shitu wanzami, wanda tun suna yara ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Yau za mu ga ikon Allah," in ji Shitu a hanya. "Ƙwaɗon rijiya ya shiga majigi. Ni tsorona kada ƙyallen ya yi gajarta da ganinka."

"Kai dai riƙe askarka," in ji Gwadabe. "In sun zo ɗaukar masu yanke kunnen mutane, zan kai su wurinka."

Aka kafa farin ƙyalle a jikin mota, janareto ya ɗauka. Fim ya buɗe da wani kukan goge mai sa jiki ya mutu. Aka nuno ungulu a kan bishiya, aka nuno kududdufi shanu suna fitsari a ciki. Sai ga Gwadabe ya leƙo daga rami, laka har gira. Mutanen Yammedi suka ɗauki sowa. Bakinsa yana motsi a kan ƙyallen, amma muryar da ke fitowa ta wani ce, mai kauri, irin ta masu karanta labarai.

"Ga Sarkin Laka," in ji muryar. "Haka ya gada, haka yake shayar da 'ya'yanku. An ce masa ga zamani ya zo, ya ce shi a bar shi da na kakanninsa."

Aka nuno shi yana ɗaga ƙoƙo, jan ruwa yana bin gemunsa, yana lashe baki yana murmushi. Kafin ido ya ƙifta sai ga wata ƙafa ta cika ƙyallen, a kumbure, ƙudaje na bin ta, ana naɗe farin zaren kurkunu a jikin tsinke. Mata suka kau da kai. Aka dawo da fuskar Gwadabe yana murmushi, aka sake komawa kan ƙafar. Sai goge ya ɗauke, kalangu ya ɓarke, ga wani babban jami'i cikin kaki yana yanke ƙyalle a gaban famfon tuƙa-tuƙa, yara masu tsabta suna tsalle, wata mata da ba wanda ya santa a ƙasar nan tana rangaɗa guɗa tana godiya.

Saude tana can gefen mata da farantin ƙuli-ƙulinta. Ta miƙe tsaye ta ce da ƙarfi, "Wallahi wannan ba ƙafar Malam ba ce! Ni nake zuba masa ruwan alwala!" Na kusa da ita suka ji, sauran kuwa ƙarar janareto da kalangu ta cinye maganar. Gwadabe yana zaune a kan tabarma, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon ƙyallen har aka naɗe shi.

Gaskiyar Saude ce, kuma a nan muguntar aikin take. Ba inda muryar nan ta ce ƙafar Gwadabe ce. Ajiye ta kawai aka yi a bayan fuskarsa, aka bar idon mai kallo ya yi ɗinkin da kansa, yadda gobe in an tuhume su za su ce su ba su faɗa ba. Gogen nan an sa shi ne domin zuciya ta riga hankali yanke hukunci. Maganar da ya yi da bakinsa aka cire aka jefar, aka ari bakin ana zuba wata. Kuma ba a yi ƙaryar zalla ba, don ita ba ta tafiya da nisa. Kurkunu gaskiya ne, ya kwantar da manoma da yawa a tsakiyar damina, famfo kuma alheri ne, ba mai hankalin da zai yi gaba da shi. Sai aka ɗora ƙaryar a bayan gaskiyar kamar kaya a kan jaki. Abin da suke so shi ne mai kakin nan ya fito a matsayin wayewar gari, to dole a samo wanda zai zama duhun da aka kora, kuma ba su ga wanda ya fi sauƙin kamawa ba irin talakan da ya yi musu kara.

A Yammedi an san Gwadabe, an san ma'anar kurɓinsa, abin bai wuce 'yar dariya da jajantawa ba. Amma abincinsa ba a Yammedi yake ba, yana ƙauyukan da ke kiransa da rani, kuma motar majigi ta riga shi zuwa ko'ina. Ta haska a nan, ta haska a can, ta dawo ta maimaita, har yaran da ba su taɓa ganinsa ba suka iya kwaikwayon yadda yake lashe baki.

Tun kafin fim ɗin, wani magidanci a Ruwan Bago mai suna Maikuɗi ya yi magana da shi cewa in an yi kaka ya zo ya haƙa masa rijiya a ƙofar gida. Da lokaci ya yi Gwadabe ya ɗaure kayansa ya tafi. Ya tarar da Maikuɗi a zaure da maƙwabtansa. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, aka sake gaisawa. Ba a kawo masa ruwa ba, shi kuma ya lura.

"To Alhaji, ga ni Allah ya kawo ni. A ina za mu sa dagi?"

Maikuɗi ya sosa ƙeya yana kallon tabarma. "Wato Malam Gwadabe, ni ba ni da matsala da kai. Mutanen cikin gida ne. Ka san mata, sun ga majigin nan, sun ce su dai a'a."

"Me suka gani?"

"To, ƙafar nan."

Wani daga cikin maƙwabtan ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. Ya ɗage wando mu gani mana, kowa ya huta."

Dattijo mai furfura, mai surukai, a ce ya ɗage wando a zauren wani. Gwadabe ya dubi Maikuɗi ko zai tsawatar, Maikuɗi bai ɗago ba. Ya tuna keken da ke jingine a waje da kayan aiki a kai, ya tuna ranin da ke gabansa. Sai ya miƙe ƙafafunsa ya naɗe wandon har gwiwa, dama da hagu. Ƙafafu ne na mai aiki, busassu, masu kaushi, ba kumburi ba miki, ba ko alamar inda wani abu ya taɓa fita.

Suka leƙa. Sai mai maganar nan ya ce, "Ai tana warkewa."

"In ta warke ba ta barin shaida?" in ji Gwadabe.

"To mu dai mun gani da idonmu. Majigin gwamnati ne fa, Malam. Ƙarya za su yi maka? Kai wa?"

Ga ƙafa a gabansu, ta jini da tsoka, suna iya taɓawa, amma ta ƙyalle ta fi ta ƙarfi. Gwadabe ya sauke wandonsa, ya yi musu sallama yadda ya kamata, ya hau kekensa. Bai biyo hanyar gida ba. Ya ji an ce motar tana Rogo ranar, sai ya nufi can.

Ya same su da la'asar sakaliya suna ɗaura ƙyalle a bakin kasuwa, Muntaka yana tsaye yana ba da umarni. Da ya gan shi sai ya washe baki. "A'a, Baba! Ka ga yadda ka yi suna? Har a birni ana maganarka."

"Yaro, na zo roƙo ne. Ina maganar da na yi maka a bakin rijiya?"

"Ai Baba fim ba ya ɗaukar komai da komai. A ofis ake yankawa, ba ni ba."

"Ƙafar wace ce?"

"Wannan a wani gari aka ɗauko, ni ban ma san shi ba. Baba, kada ka ɗauki abin da zafi. Sarkin Laka ba kai ba ne, ba kowa ba ne. Misali ne kawai, don a wayar da kan jama'a."

"To me ya sa misalin yake da gemuna?"

Muntaka ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Gwadabe ya ce ba ya neman komai sai a ba shi lasifikar nan kafin a fara, ya faɗa wa mutane da bakinsa abin da kurɓin yake nufi. Muntaka ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, ya jira jama'a su taru. Da fili ya cika, ya kamo hannunsa ya kai shi gaban ƙyalle inda fitila ke haskawa, ya ɗauki abin magana.

"Jama'a, yau kun yi sa'a! Ga Sarkin Laka da kansa! Ya gane gaskiya, ya tako tun daga garinsu don ya nuna goyon bayansa ga wannan shiri na gwamnati. A tafa masa!"

Fili ya ɗauki tafi da shewa. Gwadabe ya miƙa hannu zai karɓi abin maganar, Muntaka ya kama hannun ya girgiza shi kamar ana musabaha, ya yi wa mai na'ura alama. Goge ya fara kuka. Wani ya ce, "Baba, matsa mana, ka tare hoto!" Ya matsa. Bai iya kokawa da yaro a gaban mutane ba, ba a yi masa wannan tarbiyyar ba, kuma Muntaka ya san haka sarai.

Ya isa gida ya gaya wa Saude duk yadda aka yi. Ba ta yi kuka ba, zagi ta yi, har da zakaran da ta yanka. Tun daga ranar ba a sake kunna wasan kwaikwayo a rediyo ko a kawo majigi ta saurara kamar da ba. Matan da ke zuwa sayen mai sun sha jin ta tana katse rediyo da cewa, "Ku ji fa, sun sa kiɗan tausayi, yanzu za su ce mu tsani wani. Shi wanda ake zagin, wa ya ji ta bakinsa?" Wasu su yi dariya su ce Saude ta zama lauya, wasu su yi shiru su ƙara kasa kunne. Amma wayon da ta yi bai dawo wa mijinta da ko rami ɗaya ba.

Abin da ya fi ci wa Gwadabe rai shi ne Shitu. Mutumin da ya shekara hamsin yana kiransa ƙwaɗon rijiya sai ya koma gaishe shi da ladabi, yana yi masa aski shiru kamar baƙo. Wata rana Gwadabe ya riƙe masa hannu ya ce, "Kai ma ka daina yi mini wasa? To lallai na mutu ban sani ba."

Shitu ya zare hannunsa, ya ci gaba da wasa askarsa.

Kira ya yi ta raguwa. Ranin da ya biyo baya ya yi yasar tsofaffin rijiyoyi a nan cikin gari, na bayansa ma haka. Famfunan da aka kafa wasu suka yi aiki, wasu suka tsaya, masu son rijiya suka koma kiran wasu mahaƙa daga nesa waɗanda ba a taɓa gani a ƙyalle ba. Sai can wani maƙwabcinsa, don zumunci, ya ba shi haƙar rijiya a garkarsa. Ya yi aikin da ƙarfinsa duka kamar yana saurayi. Ranar da ido ya ɓalle ya ɗebi jan ruwan a ƙoƙo, ya ɗaga kai zai kira mai rijiya, sai ya ga kawuna sun kewaye bakin ramin suna leƙensa, ana jira a ga Sarkin Laka zai sha. Wani har ya fara murmushi. Ya daɗe riƙe da ƙoƙon. Sannan ya zubar da ruwan a ƙasa, ya kama igiya ya fito. Mai garka ya ce, "Malam, ba ka yi mana abin da aka saba ba." Ya ce, "Ku bar shi ya kwanta, sannan ku sha." Ita ce rijiya ta farko a tarihin gidansu da aka miƙa ba rantsuwa, kuma bai sake sauka wata ba.

Yana nan da ransa a Yammedi. Idonsa ya fara rauni, yana noma abin da ya samu, Saude tana riƙe da sauran da man gyaɗarta. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce manomi ne.

Hukumar da ta yi fim ɗin an sake mata suna, ma'aikatanta kuwa suna nan, an ƙara musu girma, wasu suna can suna shirya wa sababbin iyayen gida irin wannan aiki. To ku da kuka ɗauka, da ku da kuka yanka a ofis, da kai mai muryar da aka ɗora a bakinsa, da wanda ya sa hannu aka fitar da mota: kun san hanyar Yammedi, wasunku har sun ci abinci a can. Ku ɗauko motar nan ku biyo kasuwannin da kuka bi, Karaye da Rogo da Ruwan Bago da duk inda kuka kafa ƙyalle, ku faɗa da lasifika cewa ƙafar ba tasa ba ce kuma maganar ba tasa ba ce. Sannan ku miƙa masa abin maganar ku koma gefe ku yi shiru har ya gama. Ku yi shi yanzu, yana da sauran numfashin da zai yi bayani, kada ku jira sai an kai shi ku zo mana da ta'aziyya.